Allon da Yake Jiran Mutum

Litinin, da hantsi

Na koma aiki yau. Zazzaɓin ya tattara ya tafi, amma ya bar min wani abu a ɓangaren hagu, kuma ba zan kira sunansa a nan ba tukuna. Yaya ta ce toshewa ce irin ta mura, za ta buɗe da kanta. Yaya ma'aikaciyar jinya ce, kuma na san fuskar da take yi in tana faɗin abin da ita ma ba ta yarda da shi ba.

Zauren wasan yana nan yadda na bar shi. Kujerun gaba biyu har yanzu a karye suke, dandamali yana nan da katakonsa mai motsi, teburin sautina kuma yana can baya kusa da na Mai Fitila. Ƙarshen wata za mu buɗe sabon wasan kwaikwayo. Darakta ya hango ni ya ce, "Injiniya, kin rame. Zauna mu fara." Iyakar gaisuwar mara lafiya ke nan a wurinsa, kuma na karɓa.

Na buɗe kwamfuta, na jona allon dannawa, fitilunsa suka kama ɗaya bayan ɗaya. Wallahi sai da na ji sanyi a raina. Manhajar tana shimfiɗa gidaje ne reras a fuskar kwamfuta, kamar kiret ɗin ƙwai, allon da ke gabana kuma gidajen nan ne dai a maɓallan roba masu haske. Kowane gida akwai guntun sauti a cikinsa. Layin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa na abu ɗaya ne: wannan na ganga, wannan na sarewa, wannan na jita, na ƙarshe na ruwan sama da iska. Jerin da ya ratsa a kwance kuwa fitowa ɗaya ce ta wasan. In na danna gida ɗaya, shi kaɗai zai tashi, ya yi ta zagayawa har sai na sallame shi. In na danna maɓallin gefe, jerin gaba ɗaya zai tashi tare. Ban san wanda ya fara tunanin a zuba kiɗa a gidaje haka ba, amma ko waye shi, Allah ya yi masa albarka, mutum ne da ya san 'yan wasa ba sa maimaita abu iri ɗaya sau biyu.

Na yi shekaru a teburin nan, kuma ban iya wata sana'a ba. In Darakta ya san abin da ke hagu, ba zai bar min riƙon sauti ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Don haka ba zai sani ba.

Talata, bayan an tashi gwaji

Mai Fitila ya yi fushi da ni. A haguna teburinsa yake, kuma shi mutum ne da ba ya iya murɗa fitila bakinsa a rufe.

Ya ce, "Haba Injiniya, tun ɗazu ina ba ki labarin surukina da babur ɗinsa, kin yi kunnen uwar shegu da ni. Ko zazzaɓin ya tafi da dariyarki ne?"

Na ce, "Labarin ne ya tsufa."

"Jiya fa abin ya faru."

"To surukin ne ya tsufa."

Ya yi dariya, na tsira. Kafin mu tashi na ce fankar sama tana bugun ƙeyata, mu yi musayar wuri. Ya yi ta mita yana jan wayoyinsa, amma ya yarda. Yanzu yana damana.

Laraba, da sassafe

Na kwanta a kan kunnen dama don in gwada. Ƙofar kicin a buɗe take, Yaya tana wanke tukwane. Na ga hannuwanta suna ta motsi.

Alhamis, da azahar

Yau Gwaggo ta zo wurina. Ita ce babbar 'yar wasanmu, tun tana budurwa ake ba ta fitowar gwaggonni har sunan ya bi ta. A wannan wasan ita ce uwar da ta zo kwashe kayan ɗanta da ya rasu daga ɗakin da yake haya. A fitowa ta ƙarshe tana juya wa zaure baya, tana ninke rigarsa, ta yi shiru iya yadda ranta ya so. Wata rana gajere, wata rana har sai Darakta ya fara susar kai. Ni kuma ina barin jita tana zagayawa a hankali har sai ta ce, ƙasa-ƙasa, "To, a rufe ƙofar." Nan nake tayar da jeri na ƙarshe.

Ta ja kujera ta ce, "'Yata, wai me kike ta latsawa ne a nan? Kullum ina hango ki kamar mai tsintar shinkafa."

Na tayar mata da ganga, na ce ta danna gidan sarewa duk lokacin da ta ga dama. Ta danna a tsakiyar bugu, wurin da ko kusa bai dace ba. Gidan ya fara ƙiftawa, amma sarewa ba ta fito ba.

"Na ɓata miki?"

"A'a Gwaggo, jira yake."

"Jiran me?"

"Bugun farko ya zagayo."

Kafin in rufe baki sarewa ta shigo daidai a kan ganga, kamar an auna. Gwaggo ta gyara zama. Ta sake dannawa da gangan a wurin da bai dace ba, ta sake, ta kuma sakewa, abin yana ƙiftawa yana shigowa a kan lokaci.

Ta ce, "Ikon Allah. Wannan ya fi 'yan wasanmu ladabi, ba ya katse wa na gaba magana. Ki ba Darakta ya riƙa kallonsa safe da yamma."

Wannan ƙiftawar ita ce abin da na fi so a duk manhajar. Hannunka ya yi gaggawa ko ya ɗan yi nauyi, allon zai karɓi niyyarka, ya riƙe maka lokaci. A da ina ganin wannan dabara ce kawai mai kyau. A makon nan na ga tana rufa min asiri fiye da yadda nake so in ƙirga.

Juma'a, da la'asar

Yaya ta ja ni asibiti. Suka sa ni a wani ɗan ɗaki mai soso a bango, suka ɗora min abin saurare a kai, suka ba ni maɓalli ɗaya tak, wai in danna duk lokacin da na ji ƙara. Ni da nake cin abinci da danna maɓallai. Na zauna da shi a hannu ina kallon Likita ta gilashi, shi ma yana kallona, yana rubutu.

Ya ba da magani, ya ce mu dawo. Yaya ta yi masa tambayoyi da yawa da kalmomin aikinsu. Ni takalmina na yi ta kallo, maɗaurinsa ya kusa tsinkewa.

Asabar, da safe

Ba canji.

Litinin, da yamma

Na dama ma yau ya tashi a cike, kamar na yi wanka ruwa ya shiga. Magana tana zuwa, amma bakinta a daƙile, sai na haɗa da kallon leɓe nake gane ta.

Mun kai fitowa ta ƙarshe. Gwaggo ta juya baya tana ninke riga, ni ina jiran maganar ƙofa. Ina nan ina jira sai na ga haske yana raguwa a dandamali. Mai Fitila ya riga ya fara rage nasa, wato ta faɗa ke nan tuntuni. Na danna a gigice. Gidajen suka ƙifta, suka shigo a kan bugu abinsu, jita kuma ba ta taɓa yankewa ba a duk lokacin da nake zaune kamar gunki. Wanda bai san wasan ba zai ɗauka haka aka tsara.

Darakta ya san wasan. Ya ɗaga hannu daga kujerar gaba ya ce, "Injiniya, barci kike?"

Na ce waya ce ta yi sako-sako. Na sunkuya ƙarƙashin tebur na jijjiga wayar da lafiyarta ƙalau, har da tsaki.

Yanzu ga inda nake. In zan gane inda aka kai a magana, sai na kafa ido a bakunansu. In zan ga abin da ke tashi da abin da ya mutu, sai na dubi allo. A da kunne yana tsaron ɗaya, ido yana tsaron ɗaya. Ina jin tsoro, wannan dai zan iya rubutawa.

Talata, da hantsi

Wata ƙara ta zauna min a kunne, kamar an bar famfo a buɗe a wani ɗaki.

Laraba, da magariba

Ban so in rubuta na yau ba. Yaya ta ajiye min abinci, yana nan a rufe.

Darakta ya ƙara wata 'yar gajeriyar magana a tsakiyar fitowar kasuwa, inda kowa yake tafiya a kan bugun ganga. Ya ce a saka wa wurin sabuwar sarewa. Na buɗe sabon jeri cikin sauri, na zuba sarewar, na bar gidan ganga fayau, don so nake gangar jerin baya ta ci gaba. To amma gidan da ba kowa a cikinsa ba banza yake ba. Akwai wata 'yar alama mai kusurwa huɗu a ciki, ma'anarta a tsaya. In jeri ya tashi, duk layin da gidansa yake fayau sai ya yi shiru, sai dai in ka cire alamar. Na san wannan tun ina koyo. Duk mai wannan aikin ya taɓa faɗawa ramin nan, kuma duk mai wannan aikin yana jin gangar ta mutu ya mayar da ita kafin a ja numfashi biyu.

Ni idona yana kan bakin mai sayar da kifi a dandamali. Ya faɗi maganarsa, na danna jerin, na ci gaba da gyaɗa kai ina bin gangar da take cikin kaina. Sai na ga masu tafiya sun fara rikicewa. Ɗaya ya tsaya, sauran suka tsaya. Suka juyo gaba ɗaya suna kallon bayan zaure, ni kuma kaina bai daina gyaɗawa ba. Ban san tsawon lokacin ba, ba na kuma so a faɗa min.

Mai Fitila ne ya taɓa min gwiwar hannu, ya nuna min allo da haɓa. Layin ganga duhu ne daga sama har ƙasa. Allon bai ɓoye min komai ba, tun daga lokacin da na danna yake nuna min. Ni ce ban duba ba.

Darakta ya tako har teburina. Bai yi faɗa ba, kuma da ma ya yi.

Ya ce, "Ki haɗa min kiɗan duka a layi ɗaya, daga farkon wasa har ƙarshe. A danna sau ɗaya, kowa ya bi. Ba zan kai wannan cacar gaban jama'a ba."

Na ce to. Ban san me ya sa har na ƙara da na gode ba.

Alhamis, da rana tsaka

Na yi abin da ya ce. Manhajar tana da wata fuskar, inda ake shimfiɗa sauti a dogon layi daga hagu zuwa dama, wata allura tana bi ta kansa. Ba laifinta, don waƙar da za a sa a rediyo ita ce daidai. Amma allurar nan ba ta duban kowa. Ko ɗan wasa ya yi tuntuɓe, ko jama'a sun tsaya dariya, ita tafiya take.

Sai da na yanke wa shirun Gwaggo tsawo. Na zauna na daɗe ina jan bakin jitar gaba da baya, ina tunanin wace ce ni da zan auna mata.

Aiki ya yi kyau, ba na yin aikin banza ko da raina a ɓace. Maɓalli ɗaya ne yanzu. Mai Fitila zai iya danna shi da gwiwar hannu bai ajiye shayinsa ba.

Juma'a, da yamma

Mun yi da Yaya.

Ta ce, "Auta, ki faɗa musu mana. Ciwo ne, ba sata kika yi ba."

Na ce, "In faɗa musu in koma ina? In zo in riƙa riƙe miki auduga?"

"Yanzu da ba ki faɗa ba, ina kike? Ba ga shi sun mayar da ke 'yar kallo ba?"

Na ce ta fita harkata. Ta ce harkata ta shiga tata tun ranar da aka haife ni aka ɗora mata ni a baya. Na shige ɗaki na turo ƙofa. Ta ci gaba da magana daga falo, na kwanta a kan na dama. Karon farko ke nan da abin ya yi min amfani, kuma ban ji daɗinsa ba.

Asabar, bayan gwaji

An gwada dogon layin. Na danna a farko, na ɗora hannuwana a cinya.

Fitowar kasuwa ta tafi sumul, ba zan yi ƙarya ba. Amma da aka zo kan riga, kiɗan ƙarshe ya faɗo wa Gwaggo tana tsakiyar ninke hannun riga. Aka sake. Wannan karon ta yi sauri, ta gama, ta faɗi maganar ƙofa, sannan ta tsaya ƙiƙam tana jiran kiɗa ya iso. A karo na uku ta yi wurgi da rigar. Da ƙarfi ta yi magana, har ni na samu rabona.

"Tun kafin a haifi rabin yaran nan nake hawa dandamali. Yau na'ura ce za ta faɗa min lokacin da zan gama baƙin ciki?"

Darakta ya ce, "Ki ƙirga a zuci, Gwaggo."

Ta ce, "Uwar da ta rasa ɗa ƙirga take yi?"

Bai janye ba. Ni ina baya, allona a kashe.

Lahadi, da la'asar

Ban fita ba. Na jona allon a ɗaki ba lasifika, na bi wasan daga jeri na farko har na ƙarshe ina kallon fitilu kawai. Ganga ja ce a wurina, sarewa shuɗiya, jita ruwan ɗorawa. A ƙasan kowane layi akwai 'yar da'ira da take cika a hankali tana nuna inda zagaye ya kai. Ashe wasan gaba ɗaya yana nan a rubuce da haske, ban taɓa tsayawa na kalle shi haka ba. Waɗanda suka tsara abin nan ba don irina suka yi ba, amma sun yi shi kamar sun san zan zo.

Yaya ta leƙo, ta ga ɗaki shiru fitilu suna rawa a fuskata. Ta ja min ƙofa ta koma.

Litinin, da azahar

Gwaggo ta aika in same ta a ɗakin canza kaya, wai in duba mata wayarta. Ina sunkuye a kan wayar sai na ga ta zagayo daga bayana ta tsaya a gabana, hannu a ƙugu.

Ta ce, "Na tsaya a bayan kafaɗarki ta hagu na ce miki mummuna mai ƙafar agwagwa. Na maimaita. Ke da ba a taka ki ki yi shiru."

Na buɗe baki zan kawo maganar fanka. Ta ɗaga min hannu.

"Tun yaushe?"

"Tun zazzaɓin."

Daga nan sai kuka ya ƙwace min. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta miƙo min tsumman goge kwalliya, duk hoda a jiki.

Ta ce, "Share. Ni ba zan yi ƙirga a gaban jama'a ba, ke kuma ba za ki zauna hannu a cinya ba. Me kike buƙata?"

Na ce alama nake buƙata wadda ido zai gani daga baya. Muka tsaya a kan cewa in za ta yi maganar ƙofa, za ta ɗaga rigar ta ɗora a kafaɗa. Sauran wuraren da ake juya baya guda biyu ne, ta ce ita za ta san yadda za ta juyo da yaran.

Na tashi zan fita ta riƙo mayafina. "Amma ni ba na cin amanar Darakta. Ki faɗa masa da bakinki kafin jibi, ko ni in faɗa da nawa, kin kuma san nawa ba shi da birki."

Talata, da yamma

Na wuni ina gyara. Na bi gidajen da suke fayau ɗaya bayan ɗaya, duk inda nake so sauti ya ratsa na cire alamar tsayawa. Na manna 'yan guntayen salatif a gefen maɓallan jeri don yatsa ya gane su ba sai ido ya sauko ba. Sannan na tuna manhajar tana barin mutum ya aika layi ɗaya wata hanya daban. Na aika ganga ita kaɗai zuwa wata ƙaramar lasifika, na kwantar da ita ƙarƙashin tebur, na cire takalmi na ɗora tafin ƙafa a kai.

Ganga ta shigo ta ƙafata har gwiwa. Na kashe ta, ƙafar ta sani nan take. Na kunna, na kashe, na kunna, ina dariya ni kaɗai.

Mai Fitila ya dubi ƙafata, ya dubi lasifikar, ya dube ni. Ya tashi ya ɗauko salatif ɗinsa mai kyau ya liƙe min wayar a ƙasa don kada a yi tuntuɓe da ita.

Laraba, da hantsi

Na faɗa masa. A ofishinsa, a tsaye. Abin da na ce ba zan maimaita a nan ba, sau ɗaya ya isa.

Ya daɗe yana juya makullan motarsa a tebur. Ya tambaya ko zai warke, na ce ban sani ba. Ya tambaya me ya sa ban faɗa tun farko ba, na ce shi ma ya san dalili. Na nuna masa abin da na shirya, na roƙe shi gwaji ɗaya.

Ya ce, "Gwajin ƙarshe na jibi naki ne. In kika yi tuntuɓe sau ɗaya, dogon layi za mu buɗe da shi, kuma ba na son kuka."

Na ce ban zo da kuka ba. Bai yi min rashin adalci ba, shi ne abin haushin.

Alhamis, da la'asar

Mun koma asibiti. A hanyar dawowa Yaya ta riƙe min hannu wurin tsallaka titi, abin da ba ta yi ba tun ina firamare. Ban ƙwace ba.

Juma'a, da magariba



An yi gwajin da kayan wasa da fitilu, kamar yadda za a yi gobe ranar buɗewa. Na cire takalmi, na ɗora ƙafa, na aza yatsu a kan salatif, na ɗaga ido ban ƙara saukar da shi ba sai jefi-jefi. Jeri na farko ya tashi. Na biyu. Fitowar kasuwa ta zo, mai kifi ya yi maganarsa, na danna, sarewa ta canza, ganga tana nan tana dukan tafin ƙafata. A wuri ɗaya na riga lokaci saboda zumuɗi, amma gidan ya tsaya yana ƙiftawa har bugun ya zo. Na ce masa na gode a zuci, ban ji kunyar yi wa roba godiya ba.

Sai riga. Gwaggo ta juya baya ta fara ninkewa. Jita tana zagayawa, ina ganin da'irarta ta gefen ido tana cika tana komawa. Na zuba wa kafaɗarta ido ina jiran rigar ta hau. Ta ninke hannu ɗaya, ta ninke ɗayan, ta shafa wuyan rigar. Ta daɗe fiye da duk yadda ta taɓa daɗewa. Rigar ba ta hau kafaɗa ba.

Na gane ta tafi. Gwaggo in ta shiga fitowa da gaske ba ta tuna alkawarin kowa. Na saci kallon hannun Mai Fitila, yana kan abin murɗawa bai motsa ba, wato ba ta faɗa ba tukuna. In na jira shi ya motsa, na makara, kuma Darakta zai gani. Ba abin da ya rage min sai bayanta.

Na daɗe ina kallon bayan matar nan daga teburin nan, ban san na haddace shi ba. Kafaɗunta suna sama, a ɗaure. Sai na ga sun sauko a hankali, kanta ya ɗan karkata wajen ƙofa, haƙarƙarinta ya buɗe da jan numfashi. Na danna.

Jerin ya ƙifta. A cikin ƙiftawar nan na ga hannun Mai Fitila ya fara murɗawa. Bugun ya zo, gidajen suka kama gaba ɗaya, haske yana sauka tare da su. Ban ji maganar ƙofa ba, amma na san ta faɗa a daidai ratar da allon ya riƙe min.

Da aka kunna fitilun zaure Gwaggo ta dafe kai daga dandamali, ta dube ni ta ce da baki buɗe sosai, "Na manta!" Na ɗaga mata hannu.

Darakta ya taso da takardunsa. Tun daga tsakiyar zaure ya fara magana yadda ya saba, kansa a sunkuye, takarda ta rufe masa baki. Ban samu ko kalma ɗaya ba. Ya iso teburin, sai ya ankara. Ya sauke takardar. Ya tsaya har sai da na ɗago na dubi fuskarsa sosai, sannan ya sake daga farko, a hankali.

"Sarewar fitowa ta uku ta yi ƙarfi, tana danne magana. Ki rage ta. Gobe da wuri nake son ganinki, kada ki makara."

Na ce, "Dogon layin fa?"

Ya ce, "Ki sa takalminki, Injiniya, an tashi."

Asabar, da safe

Na hagun ba zai dawo ba. Na daman kuma Likita ya ƙi yin alkawari. To, na rubuta.

Yaya tana guga, ta ce ita ma za ta zo, a ajiye mata kujerar da ba ta karye ba. Sarewar na rage ta tun jiya, amma ban san ko ta yi daidai ba. Zan je da wuri in sa Mai Fitila ya saurara min.